Allon Lantarki Mai Faɗakarwa Da Yadda Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa shiga banki a babban gari, ko ya yi rakiya zuwa filin jirgin sama, ba zai rasa ganin wani allo maƙale a bango ba, wanda rubutun kansa yake sakewa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Yanzu ya nuna lambar wanda layi ya zo kansa, jim kaɗan ya nuna cewa jirgi kaza ya makara. Babu mai riƙe da alli, babu mai tsumman goge allo, amma rubutu yana tafiya daidai da abin da ke faruwa. Da yawa daga cikinmu muna zaton akwai wani akawu da aka ajiye a wani ɗaki yana buga wannan rubutu. A wasu ƙananan wurare haka ɗin ne. Amma a manyan ma'aikatu da kantuna da kamfanoni, aikin na wata manhajar kwamfuta ne, wadda take sa ido a kan lissafin kamfanin dare da rana, da ta ga abin da ya kamata a sani sai ta aika da shi kan allo.

Ya kamata mu ɗalibai mu fahimci wannan abu, domin idan muka gama makaranta wasunmu za su zama akawuna, wasu masu kula da sito, wasu ma'aikatan asibiti, wasu kuwa za su gaji iyayensu a kasuwa. Duk inda muka faɗa za mu tarar da irin wannan allo, ko ƙaninsa da ke cikin wayar hannu. Iyayenmu 'yan kasuwa kuma su ne ake kawo wa tallar irin waɗannan na'urori. Wanda bai san yadda abu yake aiki ba, ko dai ya gaskata shi fiye da kima, ko ya yi watsi da shi ranar da ya fi bukatarsa. Kowanne daga cikin biyun nan yana jawo hasara, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Aikin ya kasu kashi uku. Akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye lissafi. Akwai manhaja mai tsaro, wadda take duba lissafin. Sa'an nan akwai allon lantarki, wanda yake sanar da mutane. Idan muka kwatanta da gidan wani attajiri na zamanin da, sai mu ce rumbun bayanai shi ne littafin da malamin lissafi yake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, manhaja ita ce amintaccen yaron da aka ce ya riƙa leƙa littafin, allo kuwa shi ne mai shela da yake tsaye a ƙofar gida. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Rumbun bayanai

Kowace sana'a tana da lissafinta: kaya nawa aka saro, nawa aka sayar, wa ake bi bashi, yaushe mota za ta iso. Da can a littafi ake rubuta duk wannan. Wahalar littafi ita ce, in kana son amsar tambaya guda, alal misali kana son ka san kayan da suka kusa ƙarewa, sai ka bi shafi-shafi kana ƙirgawa, kafin ka gama kuwa an sayar da wasu, lissafi ya riga ya sake.

A shekarar 1970 wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Edgar Codd, wanda yake aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya fito da dabarar jera bayanai cikin jadawali, kowane jadawali da layukansa na kwance da na tsaye, kamar rajistar aji. Kowane layi na kwance na abu guda ne, mu ce sukari. Layukan tsaye kuma suna nuna sunansa, da kuɗinsa, da yawan abin da ya rage, da ranar da aka kawo shi. Jadawali ɗaya na kaya ne, wani na masu saye, wani na odar da aka yi, kuma lamba ce take haɗa su, kamar yadda lambar ɗalibi take haɗa sunansa da ke rajista da sakamakonsa na jarrabawa. Bayan 'yan shekaru kaɗan wasu ma'aikatan IBM su biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka ƙago harshen da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya, wanda aka sani da SQL. Har yau da shi bankuna da manyan kantuna da yawa suke aiki.

Bayani yana shiga rumbu ta hanya biyu, ko akawu ya buga da hannunsa, ko na'ura ta shigar. Zanen nan na layuka baƙi da fari da muke gani a jikin kwalin kaya, don wannan aiki aka yi shi. Ranar 26 ga Yuni, 1974, a wani kanti mai suna Marsh da ke garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, aka fara sayar da kaya ta hanyar haska wannan zane, kuma abin da aka fara haskawa ƙunshin cingam ne. A kantin da yake da irin wannan tsari, da zarar mai karɓar kuɗi ya haska kwalin madara, sai a rage ɗaya daga yawan madarar da ke rubuce a rumbu.

To, amma rumbu ba ya magana sai an tambaye shi. Ko sukari ya ƙare ƙaf, zai rubuta sifiri ne ya yi shiru. Wannan shi ya sa ake bukatar mai tsaro.

Manhaja mai tsaro

Manhaja ba ta san sukari ba, ba ta san bashi ba. Abin da ta sani shi ne ƙa'idodin da mutum ya rubuta mata. Kowace ƙa'ida mai kyau tana da gaɓa huɗu. Ta farko ita ce sharaɗi, watau abin da za a lura da shi, kamar a ce idan buhunan sukari suka gaza kaza. Ta biyu ita ce saƙon da za a rubuta. Ta uku ita ce inda za a aika da shi, ko allon sito, ko allon ofishin manaja. Ta huɗu ita ce lokacin da za a janye saƙon, domin gargaɗin da ya ci gaba da tsayuwa bayan an yi maganin abin, ɓata allo kawai yake yi.

Akwai hanya biyu da manhaja take bi ta gane cewa sharaɗi ya cika. Ta farko ita ce zagaye. Kamar yadda mai gadi yake kewaya gida lokaci-lokaci, haka take zuwa ta yi wa rumbu tambaya, ko kowane minti ɗaya, ko kowane minti biyar, gwargwadon yadda aka tsara mata. Idan zagayen ya yi yawa, sai ta dami rumbu da tambayoyi, aikin masu karɓar kuɗi ya yi nauyi, layi ya yi tsawo. Idan kuma ya yi kaɗan, sai labari ya iso a makare.

Hanya ta biyu ita ce ɗana tarko a cikin rumbun kansa. Turawa suna kiran wannan da sunan kunamar bindiga, domin da an taɓa sai ya tashi. Duk lokacin da aka sake wani abu a jadawalin kaya, sai tarkon ya duba ko an ƙetare iyaka, in an ƙetare ya aika da saƙo nan take. Wannan hanya ta fi sauri, sai dai tana da nata aibin. Tarko ba ya kama sai abin da ya taka shi. Idan motar kaya ba ta iso ba, ba wanda zai rubuta kome a rumbu, saboda haka tarko ba zai tashi ba. Mai zagaye ne kaɗai zai duba agogo ya ce, yau kwana shida ke nan da oda, ga shi ba a rubuta isowar kaya ba. Don haka ne masu tsara aikin sukan haɗa hanyoyin biyu.

Bayan wannan, manhaja mai kyau ba ta tsayawa a allo kaɗai. Idan ta sa gargaɗi har aka yi wani lokaci ba wanda ya nuna ya gani, sai ta aika da saƙo wayar shugaban sashe, in shi ma shiru, ta wuce zuwa ga na sama da shi. Kuma masu hankali ba sa ba ta ikon sake kome a cikin rumbu. Izinin karatu kawai suke ba ta, don kada kuskurenta ya ɓata lissafi.

Yadda ake yanke iyaka

Nan ne aikin yake bukatar lissafin da muke koya a aji. Bari mu ƙaddara wani babban kanti yana sayar da buhu 40 na sukari kowace rana, kuma daga ranar da aka yi oda zuwa ranar da mota take isowa kwana 5 ne. A cikin kwanakin nan za a sayar da buhu 40 sau 5, watau 200. Amma mota takan lalace, hanya takan ɓaci da damina, saboda haka mai kanti zai ƙara ajiyar ko-ta-kwana ta kwana 2, watau buhu 80. Jimla 280 ke nan. Sai a gaya wa manhaja cewa idan sukari ya sauko zuwa 280, ta rubuta a allo da rawaya: SUKARI SAURA 280, A YI ODA YAU. Idan kuma ya gaza 200 alhali babu odar sukari a jadawalin oda, ta rubuta da ja, domin a wannan lokaci ko yau aka yi oda, kaya za su ƙare kafin mota ta iso.

Yanzu mu duba abin da zai faru in an yi kuskure. Idan aka sa iyaka a buhu 50, gargaɗi zai zo ne sa'ad da abin da ya rage bai kai cinikin kwana biyu ba. Kanti zai zauna kusan kwana huɗu babu sukari, a rasa cinikin buhu 150, masu saye kuwa su koma wani wuri, wasunsu ma ba za su dawo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma tsoro ya sa aka ɗaga iyakar zuwa 1,000, mai kanti zai riƙa jibge kayan kwana 25 a sito, kuɗinsa a kwance, ga laima, ga ɓera.

Har wa yau iyaka ba a yanke ta sau ɗaya a manta. Lokacin azumi sukari ya fi tafiya. Idan ciniki ya hau zuwa buhu 70 a rana, buhu 280 na kwana 4 ne kawai, mota kuwa tana bukatar 5. Sabuwar iyaka ita ce 70 sau 5, watau 350, a ƙara 140 na ko-ta-kwana, ya zama 490. Manhajar da ba a gaya mata wannan ba za ta ci gaba da nuna kore, tana tabbatar wa kowa cewa lafiya lau, har kaya su yanke.

Allon lantarki

Dabarar sa na'ura ta faɗakar da mutum ta girmi kwamfuta. Wani mutumin Japan mai suna Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa wanda yake tsayawa da kansa in zare ya tsinke, kuma a shekarar 1924 ya kammala wanda ya fi shahara a cikin injunansa. Kafin wannan, dole a tsayar da mutum yana kallon inji, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Da inji ya iya tsayawa da kansa, sai mutum ɗaya ya iya kula da injuna da yawa. Ɗansa Kiichiro shi ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937, kuma a ma'aikatun wannan kamfani ne aka raya dabarar allon da suke kira andon, kalmar da asalinta take nufin fitilar takarda ta mutanen Japan. Allo ne da ake ratayawa sama inda kowa zai hango. In ma'aikaci ya ga matsala sai ya ja igiya, ko kuma inji ya gane da kansa, sai lambar wurin ta kama wuta a allo, shugaban rukuni ya taho da sauri. Idan ba a gyara ba har motar da ake harhaɗawa ta kai wata alama, sai layin aikin ya tsaya. Sun gwammace a tsaya na ɗan lokaci da a fitar da mota mai lahani.

A Turai kuma, kamfanin Solari na garin Udine a Italiya ya yi suna wajen ƙera alluna masu haruffa a kan ƙananan faranti da suke juyawa da ƙara. A 1956 aka kafa irin wannan allo a tashar jirgin ƙasa ta Liège a Beljiyam, daga baya ya bazu a tashoshi da filayen jiragen sama. Sa'an nan a 1962 wani injiniya Ba'amurke, Nick Holonyak, ya ƙera ɗan ƙwan fitilar nan da ake kira LED mai ba da jan haske. Shi ya sa allunan farko na irin wannan fitila da ja suke rubutu. Shuɗin haske ya ba masana wuya har zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da wasu masana uku 'yan asalin Japan suka gano hanyar yin sa, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Da samun shuɗi ne aka iya yin manyan alluna masu kowane irin launi.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba za a aika wa kowa saƙo a wayarsa kawai ba? Dalili shi ne, mai aiki a gaban inji ko mai dakon kaya hannunsa ba ya zama banza balle ya duba waya, kuma ƙarar injuna takan hana jin lasifika. Allo kuwa kowa yana ganinsa a lokaci guda, babba da yaro, ba mai cewa bai sani ba. Gani ya kori ji. A ofisoshin da kamfanonin waya da bankuna suke amsa kiran jama'a, allon bango yakan nuna mutum nawa ke jira a layi, da tsawon lokacin da wanda ya fi daɗewa ya yi. Da yawa daga cikin irin waɗannan ofisoshi suna bin wani ma'auni na amsa kira 80 cikin 100 kafin daƙiƙa 20 su wuce. In lamba ta koma ja, wanda yake shirin fita shan shayi ya san ya dakata.

Rubutun allo yana da nasa ladabi. Mai wucewa ba shi da lokacin karanta dogon bayani, saboda haka saƙo ya faɗi abin da ya faru, da wurin, da abin da za a yi, cikin 'yan kalmomi. Launi kuma ya bi na danja da kowa ya sani: kore lafiya, rawaya a shirya, ja a tashi tsaye.

Inda abin yake ɓaci

Abu na farko shi ne bayanin da ba daidai ba. Allo ba ya ganin sito, abin da aka rubuta a rumbu kawai yake gani. Idan yaron kanti ya fitar da buhu 30 bai rubuta ba, ko akawu ya buga 500 a maimakon 50, allo zai nuna kore da gaba gaɗi. Wani babban haɗari da ya faru a Amurka ya nuna wannan a fili, ko da yake a tashar wutar lantarki ya auku. Ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan da ke sanyaya tukunyar yana ficewa. Fitilar da ke ɗakin masu lura ta sa suka ɗauka bawul ɗin ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an ba shi umurnin rufewa. Sai da aka yi fiye da awa biyu kafin a toshe hanyar, kuma wani sashe na cikin tukunyar ya narke. Darasin da ke nan ya shafi mai kanti ma. Lalle ne mutum ya san ainihin abin da allonsa yake aunawa, kuma lokaci-lokaci ya shiga sito ya ƙirga kaya da hannu, ya gwada da abin da ke rumbu.

Abu na biyu shi ne yawan gargaɗi. Wanda aka ba sabuwar na'ura yakan so ta faɗa masa kome da kome, sai ya rubuta mata ƙa'ida ɗari. Kwana kaɗan allo ya zama kullum ja, ma'aikata su saba, su daina ɗaga kai. Ranar 24 ga Yuli, 1994, an yi fashewa da gobara a matatar mai ta kamfanin Texaco da ke Milford Haven a yankin Wales na Birtaniya, mutum 26 suka ji rauni. Binciken da hukuma ta yi ya nuna cewa a cikin minti 11 na ƙarshe kafin fashewar, ma'aikata biyu sun fuskanci gargaɗi 275. In muka raba, gargaɗi 25 ke nan kowane minti. Babu ɗan Adam ɗin da zai iya karanta wannan, balle ya tantance wanda ya fi muhimmanci. Saboda haka ƙa'idar da masana suke bi ita ce, duk gargaɗin da ba shi da wani aiki da ake so mutum ya yi a kansa, kada a kai shi allo. A bar shi cikin rahoton ƙarshen mako.

Abu na uku shi ne rashin wanda aka ɗora wa alhaki. Ranar 1 ga Agusta, 2012, wani kamfanin cinikin hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya fara aiki da sabon tsari a kwamfutocinsa. An saka sabon tsarin a guda bakwai, aka tsallake ta takwas. Tun kafin a buɗe kasuwa da safe, kwamfutar kamfanin ta aika da saƙon imel har 97 ga wasu ma'aikata, masu nuni da cewa akwai matsala. Amma ba a tsara waɗannan saƙonni a matsayin gargaɗi ba, kuma ba a saba duba su ba, don haka ba a yi kome a kansu ba. Da aka buɗe kasuwa, kwamfuta ta shiga saye da sayarwa ba kan gado, a cikin minti 45 kamfanin ya yi hasarar fiye da dala miliyan 400. A shekarar 2013 hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 12. Hausawa suna cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira, to amma sai in akwai kunnen da aka ce shi ne zai saurara. Kowane gargaɗi yana bukatar mutum guda sananne wanda in ya bayyana, shi ne zai tashi.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar wuraren da wutar lantarki take yawan ɗaukewa. Idan waya ta yanke tsakanin kwamfuta da allo, wasu alluna sukan ci gaba da nuna saƙon ƙarshe da suka samu. Mai kallo ya ga kore ya saki jiki, bai san koren jiya ba ne. Maganin wannan mai sauƙi ne. A sa allo ya riƙa nuna lokacin da ya karɓi labari na ƙarshe, kuma in ya daɗe bai ji daga manhaja ba, ya share kome ya rubuta cewa labari ya yanke.

Daga ƙarshe akwai maganar sirri. Allo na idon jama'a ne. Ba daidai ba ne a rubuta sunan mai bashi da yawan bashinsa, ko sunan majinyaci da ciwonsa, a inda kowa zai karanta. Shi ya sa bankuna suke kiran mutum da lamba. A Nijeriya an sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane a shekarar 2023, saboda haka wannan ya wuce maganar ladabi kaɗai, ya zama maganar doka.

Abin da ya rage gare mu

Idan muka duba duk abin da ya gabata, za mu ga cewa na'ura tana da saurin da mutum ba shi da shi, ba ta barci, ba ta mantuwa, amma mutum ne yake rubuta abin da take karantawa, shi yake yanke mata iyaka, shi kuma yake tashi in ta yi kira. Saboda haka idan aka zo wa ɗaya daga cikin iyayenmu da tallar irin wannan na'ura, kafin ya tambayi kuɗinta ko girman allon, ya kamata ya tambayi kansa ko lissafin kantinsa yana shiga daidai kowace rana, ko ya san yawan cinikinsa da kwanakin da kaya suke yi a hanya, da kuma wanda zai ɗora wa alhakin kowane gargaɗi. In ba shi da amsar waɗannan, allon zai zama ado ne kawai. In kuwa yana da su, ko da littafi da allon katako da alli zai iya fara aikin tun yau.

Mu kuma ɗalibai, ɗabi'ar da wannan aiki yake bukata a nan makaranta ake koyonta. Shugaban aji da yake rubuta rajista daidai, da mai kula da ɗakin littattafai da yake rubuta kowane aro, aikin da suke yi shi ne ainihin aikin mai shigar da bayani a rumbu. Ga ɗan gwaji don mu auna fahimtarmu. Mu ƙaddara wata makarantar kwana tana cin buhu 6 na shinkafa kowace rana, ɗan kwangila yana ɗaukar kwana 7 kafin ya kawo kaya, kuma ana son ajiyar ko-ta-kwana ta kwana 3. A buhu nawa ya kamata allo ya nuna rawaya, a nawa kuma zai nuna ja? Wane saƙo za ka rubuta wanda bai wuce kalma takwas ba? Wane ne a cikin ma'aikatan makarantar ya kamata ya tashi in saƙon ya bayyana, kuma in bai tashi ba, wa za a sanar? Kowa ya gwada da kansa, sa'an nan ya kai wa malaminsa na lissafi ya duba masa.